Wasan Marafa: Daga Daɓe Zuwa Majigi

Duk wanda ya karanci adabin Hausa a makaranta ya san Wasan Marafa na marigayi Alhaji Abubakar Tunau, mutumin Talata Mafara, wanda aka buga a 1949. Yana cikin wasannin kwaikwayo na farko da Bahaushe ya rubuta da kansa, kuma jigonsa tsafta ce da kiwon lafiya. Yau sama da shekara 70 ke nan, wasan yana kwance a cikin littafi, ɗalibai na haddace shi don cin jarrabawa. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a mayar da shi fim, a kuma ɗauke shi a ƙasar da ta haifi marubucinsa. Sai dai kafin a ɗora kyamara, ya kamata mu tambayi kanmu abin da ke gaban darakta.

Ba a kanmu farau ba. Littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya fito da fim ɗinsa a 1976. Haka kuma Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, Brendan Shehu ya mayar da shi fim a farkon shekarun 1990. A kan daɓe, idan aka ce ayari ya ratsa Sahara, mai kallo shi zai ƙera rairayi da raƙuma a zuciyarsa. A fim kuwa tilas darakta ya kai idonsa can. Nauyin da baki yake ɗauka a daɓe, kyamara ce ke ɗaukarsa a majigi.

Wannan shi ne aikin farko, wato rage magana. Ɗan wasan daɓe yana ɗaga murya don na bayan zaure ya ji, yana kuma faɗin abin da ke ransa saboda ba kowa ke hango fuskarsa ba. Idan darakta ya kwashe waɗannan zantuka ya zuba su a fim yadda suke, abin da zai samu wa'azi ne mai hoto. A wasan da ke magana a kan tsafta, ƙuda guda da kyamara ta bi daga juji zuwa bakin akushi ya isa ya maye gurbin jawabin shafi biyu. Malaman adabi za su ce an yi wa littafi kaciya. Amsata gare su ita ce, amanar da ke wuyan darakta ta saƙon marubuci ce, kuma wani lokaci sai an zubar da jimla kafin a tsirar da ma'anarta.

Aiki na biyu shi ne harshe, kuma nan ne ya fi damuna a matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe. Tun daga Turmin Danya a 1990, Kano ce cibiyar finafinanmu, har ta kai Basakkwace ko Bazamfare ba ya cika fitowa sai in ana neman a yi dariya. Fim ɗin da aka ɗauka a Mafara, dattijo ya buɗe baki da Kananci, ya faɗi tun kafin a yi nisa. A bar mutane su ce "munka" da "sunka", su ce "shina" da "wanga", yadda ake ji a kasuwar Talata. Wanda ya fahimci Narambaɗa da Ɗan Anace a rediyo ba zai kasa fahimtar wannan ba.

Na uku shi ne wuri. Tsakanin Mafara da Bakura da Maradun akwai fadamun Gulbin Sakkwato da gonakin noman rani na Bakolori da sauran gidajen ƙasa da ba su rushe ba tukuna. Amma darakta ya tuna madatsar ruwan Bakolori ta shekarun 1970 ce, don haka ba ta da gurbi a labarin 1949, sai fa in ya yanke shawarar jawo wasan zuwa zamaninmu. Kowanne ya zaɓa, ya tsaya a kansa. Na san za a ce ta'addancin 'yan bindiga ya sa shiga ƙauyuka ya yi wuya. Gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan a jefa ran kowa cikin haɗari saboda fim. Cikin gari ma ya isa a fara, tunda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan da matasan da za a iya horarwa.

Akwai kuma darasin ajiya. Fim ɗin Shaihu Umar ya yi shekaru ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi, aka gyara, aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Wanda zai ɗauki Wasan Marafa ya nemi iznin masu haƙƙinsa, ya kuma tanadi inda zai adana aikinsa tun ranar farko. Ina kira ga gwamnatin Zamfara da attajiran Mafara da su ɗauki nauyin wannan aiki tun dattawan da suka san waccan rayuwar suna raye, ana iya tambayarsu. Allah Ya jiƙan Abubakar Tunau, Ya sa mu dace.