Amanar Yara a Ranar Ziyara

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Zoo na Kano ranar da makarantun renon yara suka kawo ziyara, ya ga malama guda tana fama da yara bila adadin, wannan ya zura hannu a kejin biri, wancan ya saki layi ya bi mai tallan alawa, lalle ya san al'amarin yana bukatar gyara.

Yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma malamai sun lissafa kiyaye rai cikin manyan maƙasudan Shari'a. Saboda haka wajibi ne ga kowace makaranta, tun kafin mota ta tashi, ta nemi izinin iyaye a rubuce, ta damƙa wa kowane babba yara ƙalilan waɗanda ya san sunayensu, a ƙirga su wajen shiga da wajen fita, a tanadi ruwan sha da akwatin magani. Wadda ba ta da isassun masu kula kuwa, gara ta ɗage tafiyar, domin 'ya'yan jama'a amana ne, kuma Allah zai tambaye mu a kansu ranar hisabi.