'Yar Takarar da Ta Ajiye Karatu Ta Nemi Kujerar Gunduma

 A darasin gwamnati mun haddace shugaban ƙasa da gwamna da sanata, amma wa ke yanke shawarar inda za a haƙa magudanar ruwa a unguwa? A Amurka, a wasu wurare aikin gunduma ne, kuma a jihohi da yawa waɗanda ke riƙe da ita ana kiransu kwamishinonin gunduma. Kada sunan ya ruɗe mu: ba irin kwamishinan da gwamna ke naɗawa a nan ba ne. Zaɓensu ake yi, sun fi kama da ciyaman da kansilolinsa.

Mu ɗauki gundumar Harris a jihar Teksas, inda birnin Houston yake. Mutanenta sun haura miliyan huɗu, ita ce ta uku a yawan jama'a a duk Amurka. Mutum biyar ne ke zama a majalisarta: kwamishinoni huɗu da shugaba ɗaya da ake kira alƙalin gunduma, duk da cewa babban aikinsa ba shari'a ba ne. Kasafin kuɗi da haraji da shirin ko-ta-kwana ne a hannunsa.

A 2018 wata matashiya mai shekara 27, Lina Hidalgo, ta fito neman wannan kujera. An haife ta a Bogota, ƙasar Kolombiya, a 1991. Iyalinta sun zauna a Peru da Meziko kafin su isa Houston a 2005. Ta gama digiri a jami'ar Stanford a 2013, shekarar da ta zama 'yar ƙasar Amurka. Ta taɓa yin tafinta a asibiti, tsakanin likitoci da marasa lafiyar da ba sa jin Turanci. Tana tsaka da karatun gaba da digiri ta ajiye ta shiga takara, ba ta taɓa riƙe wani muƙamin siyasa ba. Abokin karawarta kuwa, Ed Emmett, tun 2007 yake kan kujerar, kuma mutane da yawa sun yaba masa kan yadda ya tafiyar da al'amura lokacin guguwar Harvey ta 2017, wadda ta nutsar da unguwannin Houston.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne alƙawuranta. Ba ta ce za ta gyara duniya ba. Ta tsaya kan abin da kujerar ke da iko a kai: ambaliya, beli, da buɗe wa jama'a yadda ake kashe kuɗinsu. A batun ambaliya, tsohon lissafi yana fifita wurin da dukiyar da za a ceta ta fi tsada, wato unguwar masu hali kan sha gaba. A 2019 majalisar ta amince a riƙa duba halin mazauna wuri ma, ba darajar gidajensu kaɗai ba. A batun beli, a da talakan da aka kama da ƙaramin laifi kan kwana a tsare don kawai ba shi da kuɗin fansar kansa. A wannan shekarar majalisar ta sasanta ƙarar da aka shigar kan haka. Duka biyun da ƙuri'a uku da biyu suka wuce, ke nan da kujera ɗaya ta sauya hannu, da labarin ya bambanta.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ba ƙwazonta kaɗai ya kai ta ba. Tazarar ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba, kuma a lokacin mai zaɓe a Teksas yana iya dangwala wa jam'iyya gaba ɗaya da taɓawa guda. Jam'iyyarta ta Democrat ta yi farin jini a gundumar a shekarar, guguwar ta ɗauke ta. Masu suka sun ce ba ta da gogewa, wasu kuma sun ce sassauta beli zai ƙara laifuka, muhawarar da ta biyo ta har zaɓen 2022. Ta sake cin wannan ma, da ƙyar.

Aikin gida na wannan mako: ku samo takardar kamfen ɗin wani ɗan takarar kansila ko ciyaman a yankinku, ku ja layi a ƙarƙashin alƙawuran da ofishinsa zai iya cikawa. Ku aiko mana da adadin da kuka samu.