Salga A Ƙasar Dutse

'Yan'uwana ɗalibai, in an tura ɗayanmu gwajin koyarwa a Jos Jarawa, ko ƙauyukan da ke wajen duwatsun Shere kamar su Fobur, ya tambayi mai gidan da ba shi da salga abin da ya hana shi haƙawa. Sau da yawa amsar ɗaya ce: "Malam, ƙasarmu dutse ce." Ban ƙaryata shi ba. Akwai wurin da in an sara ƙafa biyu sai diga ta yi tsalle ta dawo. Amma ni a ganina wannan bai isa hujja ba.

Ku dubi abin da ke faruwa da damina. Ruwa ba ya nutsewa cikin fa, gangarowa yake yi. Duk ƙazantar da aka bari bayan dutse da rani, ruwan farko zai kwaso ta ya zuba cikin rafi da rijiyoyin da ba su da murfi, inda mata ke ɗiba. Ta haka kwalara ke shiga gari, watau amai da gudawa. A shekarar 2021 ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jos ma ba ta tsira ba. Ashe kuwa mai ƙasar dutse ya fi kowa bukatar salga.

To, yaya za a yi? In rami ya ƙi zurfi, sai a ɗaga shi sama. A haƙa iyakar abin da ƙasa ta yarda, sa'an nan a gina bakinsa da dutsen nan da ake kuka da shi, a daɓe da siminti, a yi matakala. A sa bututu mai tsawo da ragar waya a kansa, domin wari ya fita, ƙuda kuma ya rasa hanya. A Zimbabuwe aka ƙago wannan dabarar bututu wajen 1973. Lalle ne salga ta kasance gangare da rijiya, da ratar yadi talatin ko fiye. A ajiye buta da sabulu a ƙofa, in babu sabulu toka ta yi.

A 2019 Gwamnatin Tarayya ta yi doka cewa kafin 2025 a daina bayan gida a fili. Shekarar ta zo ta wuce, aiki bai ƙare ba. Jigawa kuwa ta cika nata tun 2022, amma na san za a ce ai su yashi gare su.

Dā duba-gari ke bi gida gida, ana jin tsoronsa, in ya juya baya a koma gidan jiya. Malami ya fi shi dama, gama yara na hannunsa kullum. Sai dai kada ya rubuta "tsabta" a allo alhali makarantarsa ba ta da salga, yara na zagawa bayan aji, 'yan mata manya kuma na zama gida don kunya. Ya fara kai maganar gaban hedimasta da iyayen yara da mai unguwa, a tara dutse da rani, kafin ruwan Afrilu ya sauka.