Jinjiri Na Kuka, Uwa Na Duba Agogo: In Yi Magana Ko In Yi Shiru?

Maganar da na kawo a wannan fitowa ta cikin gida ce, amma na san ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

A bazarar da ta wuce matar ƙanena ta haihu a ƙauyenmu da ke kusa da Daura ta Karaye. Haihuwar fari ce, kuma ba ta je wankan gida ba domin mahaifiyarta ta rasu. Na je barka kwana huɗu da haihuwa, abin da na gani kuwa ya hana ni barci. Yaro na kuka yana tsotsar hannu, uwar na kallon agogon waya. Wai yayarta da ke zaune a Kano ta ce kada a ba shi nono sai bayan awa huɗu-huɗu, don kada ya saba da hannu. In kukan ya yi yawa sai Mama, wato mahaifiyarmu, ta ɗura masa ruwa da cokali, ta ce zafi ne, ƙishirwa yake ji. Ga kuma kunyar ɗan fari: muddin akwai babba a ɗaki, yarinyar ba za ta ɗauke shi ta sa a nono ba.

Na kwana ina saƙa da warwara. Ni dangin miji ce, kowa ya san yadda ake fassara maganar yayar miji. Mama kuwa ta goyi 'ya'ya takwas, har da ni. Da wane baki zan gyara mata?

Ra'ayina shi ne: a irin wannan, shiru ba ladabi ba ne. Akwai abubuwan da ba ruwan dangi da su, kamar irin kayan da uwa za ta sa wa ɗanta ko yadda take goya shi, a nan mu kama bakinmu. Amma abincin jinjiri ɗan kwanaki maganar rai ce, shi kuwa ba shi da bakin da zai kai ƙara.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe suna koyar da cewa a sa jinjiri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi dakashi kada a matse a zubar, a kuma ci gaba da nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi. A makonnin farko yakan sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, duk lokacin da ya nema. Mai bin awa huɗu sau 6 kacal za ta ba shi. Cikinsa ɗan ƙarami ne, nono kuma saurin narkewa gare shi. Yawan tsotso ne ke kawo ruwan nono. In an rage tsotso sai nonon ya ja baya, daga nan a fara cewa uwar ba ta da nono, a koma madarar gwangwani wadda kuɗinta ya fi ƙarfin manomi. Batun ƙishirwa kuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ya ishe shi ko da a zafin Afrilu. Ruwan cokali cika masa ciki kawai yake yi, in na rijiya ne kuma ga gudawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 cikin 100 kaɗai ke samun nono zalla a Nijeriya, don haka Mama ba ita kaɗai ba ce, abin da ta gada ne.

Wurin da muke kuskure shi ne wanda muke yi wa maganar. Mukan tasa mai jego a gaba da faɗa, alhali ba ita ke da iko a ɗakin ba. Ni wurin Mama na fara zuwa, da dare, daga ni sai ita. Na ce, "Mama, ni dai kukan yaron nan ne bai kwanta mini ba. Ko mu kai shi a auna gobe mu ji abin da za su ce?" Ta ce, "Ke da ruwan na raine ki, me ya same ki?" Ban yi gardama ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Da safe na kira ƙanena gefe na ce ya nemo babur.

A asibiti ma'aikaciyar ta auna shi, ta tambayi sau nawa yake fitsari, ta yi bayanin a gaban Mama. Abin da Mama ba za ta karɓa daga bakin 'yarta ba, ta saurara daga bakin mai farin kaya. An daina duba agogo tun ranar. Ruwan kuwa sai da aka ɗan ja, kuma mako biyu Mama na amsa gaisuwata a daƙile. Na ɗauka.

Roƙona ga Zumuntar Mata: in mun je barka, kada mu tsaya ga sabulu da zane. Mu tambayi mai jego a hankali sau nawa yaro ke sha, kuma in lokacin shan ya yi mu fita mu ba ta wuri. Dattawa kuma ku yi wa maza magana, gama su ke da kuɗin babur. Jinjirin da ya wuce kwana biyar amma ba ya jiƙa tsumma kamar sau 6 a yini, ko ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa nauyi har sai an yi fama kafin ya farka, ko idonsa da jikinsa suka yi rawaya irin ta shawara, ko maɗigarsa ta faɗa, wannan kada a jira suna, kada a jira ranar kasuwa. A kai shi asibitin Karaye ko na Rogo, ko ɗakin shan magani mafi kusa, a ranar.