Hattara Da Tuƙa Babur Ido A Rufe Cikin Ruwan Damina

Muna son jawo hankalin 'yan'uwa zuwa ga wata mas'ala wadda da yawanmu suka ɗauka ƙarama, alhali kuwa rayuka ne a cikinta. Ita ce tuƙa babur a cikin ruwan sama ba tare da mutum yana ganin gabansa ba. Duk wanda ya fake a bakin titi a Zariya ko Kaduna ko Maraɗi cikin watan Agusta ya san abin da muke nufi. Sai ka ga magidanci ya sunkuyar da kai, ya runtse ido ɗaya, hannun dama a kan totur, na hagu yana share fuska, ga matarsa a baya da goyo, kuma gudu yake ƙarawa wai don kada su jiƙe.

Bari mu yi lissafi. Babur mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan mai tuƙi ya ɗauki daƙiƙa 2 yana share ido, ya tafi fiye da mita 30 a makance ke nan. A daidai wannan lokaci kuma birki ya rage kamu, domin tazarar da ake buƙata kafin a tsaya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tana iya ninka ta busasshiya. Farkon saukar ruwa ya fi sharri, saboda yana tayar da baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a kan hanya, su zama santsi. Ramuka da buɗaɗɗun kwatoci kuwa ruwa ya shafe su, sun zama ɗaya da titi.

Maganin farko sananne ne, wato hular kwano mai gilashi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya ta a Nijeriya ranar 1 ga Janairun 2009. Abin kunyar da ya biyo baya har kafofin labarai na ƙasashen waje suka ɗauka: wasu masu babura suka kifa ƙwarya a ka, wasu fasinjoji kuma suka ƙi sanyawa bisa camfin cewa ana yin asiri a cikin hular a sace mutum. Wannan camfi ba shi da tushe, kuma abin takaici ne a ce ya yi tasiri a kan jama'a fiye da gawarwakin da suke gani da idanunsu. Mun ji hujjar masu cewa hular tana da zafi kuma tana da tsada. Zafin gaskiya ne a watan Afrilu. Amma wanda ya iya sayen babur bai gaza kuɗin hula ba.

Sai dai sayen hula bai wadatar ba, kuma a nan ne masu ita suke yin sakaci. Gilashinta yana da abokan gaba biyu: ɗigon ruwa daga waje, da tururin numfashi daga ciki. Tururin yana taruwa ne saboda numfashi mai ɗumi ya haɗu da gilashin da ruwa ya sanyaya. A ɗan ɗaga gilashin gwargwadon kaurin yatsa don iska ta ratsa, musamman idan an tsaya ko ana tafiya a hankali. Kafin a fita kuma, a shafa ɗigon sabulun ruwa a cikinsa, a goge da tsumma mai laushi har ya bushe. Wannan yana rage tururin na ɗan lokaci. Ɗigon waje kuwa, idan ana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya, ɗan juya kai kaɗan yakan sa iska ta kore shi gefe.

Muna ƙara jaddada batun gogewa. Gilashin nan roba ce, kuma ƙurar ƙasarmu yashi ce. Wanda ya goge shi a bushe da hannun riga ya kankare shi, kuma kowane zane da ya bari zai tarwatsa hasken fitilun motoci da dare har ya zama bai ga komai ba sai walƙiya. A fara wanke shi da ruwa tukuna. Kada a kusance shi da fetur, domin yana lalata robar. Wanda ya riga ya dushe a canja shi. Baƙin gilashi da baƙin tabarau kuma na rana ne; sanya su da magariba cikin hadari ganganci ne tsantsa.

A kunna fitila ko da tsakar rana ce, domin direban da ke bayan gilashin mota shi ma da ƙyar yake gani. A ba tirela tazara mai yawa, saboda feshin tayoyinta laka ne.

Akwai kuma lokacin da duk waɗannan dabaru ba su da amfani. Guguwar da ke gabatar hadari a ƙasashenmu, da mamakon da ke biyo bayanta, babu hular da ke maganinsu. A nan abin da ya wajaba shi ne a sauka daga kan titi gaba ɗaya a fake, kuma kada a fake a gindin bishiya saboda tsawa da karyewar rassa. Galibi ƙarfin irin wannan ruwa ba ya daɗewa.

Idan aka faɗi haka, wasu sukan ce ai komai ƙaddara ce. Babu mai musun ƙaddara a cikinmu. Amma malamai sun daɗe da bayyana cewa riƙo da sababi ba ya cin karo da tawakkali, kuma wanda ya ɗauko mutum a bayansa ya ɗauko amana. Idan shi ya yarda ya sayar da ransa don tsoron jiƙewa, wa ya ba shi izinin sayar da na yaron da ya ɗauko daga makarantar Islamiyya?

Shi ma fasinja yana da haƙƙi. Idan ya ga ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu yana share ido da hannu, ya ce masa ya tsaya, kuma ya biya shi kuɗinsa cikakke. Da yawa daga cikin waɗannan matasa ba don son ransu suke kutsawa cikin ruwa ba. Kuɗin balas ɗin mai babur ne ke jiransu da yamma, kuma sun san wanda suka ɗauko zai rage musu wani abu idan suka ɓata masa lokaci.