Wa Ya Aiko Ka?

Jama'a, babu talakan da ya taɓa kai kuka ofis bai sha wannan tambaya ba: "Wa ya aiko ka? Mene ne naka a ciki?" In an toshe magudanar kasuwa, ko an sayar da filin makiyaya, ko an zuba dauɗa a rafin da gari ke sha, ka tafi ka yi magana, sai akawu ya dube ka sama da ƙasa ya ce kawo takardar da ta nuna wurin naka ne. Ba ka da ita, domin wurin na kowa ne. Da haka abin da ke na kowa ya kan rasa mai tsaya masa. A makon nan za mu ba ku labarin waɗansu mutanen Amurka da aka yi wa wannan tambaya a gaban alƙali, domin a ganinmu amsar da suka samu ta shafe mu.

A ƙasar akwai wani babban kogi mai suna Hudson, wanda ya faɗa teku a birnin New York. Sau biyu a yini teku ta kan cika ta turo ruwan gishiri cikin kogin, sa'an nan ta janye, har ana ganin wannan hawa da sauka a garin Troy, mil 153 daga bakin teku. A yankin da ruwan daɗi ke cuɗanya da na gishiri nan ne kifaye ke renon 'ya'yansu, musamman wani babban kifi mai ratsi a jiki da suke kira bas, wanda masuntan wurin ke ji da shi ƙwarai.

A 1962 kumfanin lantarkin birnin, watau Con Edison, ya ce zai fasa gefen wani dutse mai suna Storm King a bakin kogin, kamar mil 50 arewa da birnin, ya kafa injuna. Dabarar ita ce, da dare sa'ad da wuta ke da araha a zuƙi ruwan kogi a kai shi wani tafki a bisa tsauni, sama da ƙafa 1,000, da rana kuwa sa'ad da kowa ke bukatar wuta a sako shi ya juya injuna. 'Yan kasuwa sun san wannan ciniki: a sayi hatsi da kaka, a ɓoye, a fitar da bazara. Sai dai a nan rumbun dutsen jama'a ne, hatsin kuwa ruwan da ƙwan kifi ke yawo a cikinsa.

A Nuwamba 1963 mutum shida suka taru a wani gida suka kafa ƙungiya mai suna Scenic Hudson don su hana aikin. Mu faɗi gaskiya, ba matalauta ba ne, akwai lauya da marubuci a cikinsu, kuma kyan dutsen ne ya fara damunsu. Mutanen Cornwall kuwa, garin da za a yi aikin, da yawansu suna so, saboda sun hango aikin yi da kuɗin haraji. Ba mu ga laifinsu ba, gama ba a ce wa mai neman abinci ya ci kyan dutse. Birnin ma yana bukatar wuta da gaske. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, abin da ya rage shi ne a saurare su duka.

To, sauraron ne ba a yi ba. Wani injiniya ya kawo wata hanyar samun wutar ba tare da an taɓa dutsen ba, amma hukumar Gwamnatin Tarayya mai ba da lasin ta ƙi karɓar shaidarsa, ta ce ya makara. A Maris 1965 ta ba kumfani lasin. Da ƙungiya ta kai ƙara, sai hukumar ta roƙi kotu ta kore su tun daga ƙofa, wai ba su nuna hasarar dukiya ba, saboda haka ba su da bakin magana. Kun ji tambayar akawun nan ta sake fitowa, ta sa rigar lauya.

Ran 29 ga Disamba 1965 kotun ɗaukaka ƙara ta soke lasin. Alƙali Paul Hays, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa abu biyu. Na ɗaya, mutanen da ayyukansu suka nuna sun damu da wuri, suna amfani da shi, suna kula da shi, suna da ikon kai ƙara ko da ba a taɓa aljihunsu ba. Na biyu, hukuma ba 'yar kallo ba ce da za ta zauna ta ga wanda ya fi lauyoyi ta ba shi gaskiya. Aikinta ne ta tashi da kanta ta binciko abin da zai amfani jama'a. Ana lissafa hukuncin nan cikin abubuwan da suka share fagen dokar kare muhalli da Amurka ta kafa a farkon 1970.

A 1966 talakawan bakin kogi suka shigo da tasu ƙungiyar ta masunta, da kafintoci da ma'aikatan masana'antu a ciki. Suka tono wata tsohuwar doka ta 1899 da kowa ya manta da ita, wadda ta hana zuba dauɗa a kogi, ta kuma ce wanda ya tona mai laifi a ba shi rabin tarar. Da ita suka kama kumfanin jirgin ƙasa na Penn Central da ke tsiyayar da mai cikin ruwa, aka ba su dala 2,000. Ashe dokar tana nan kwance, mai ɗaukarta ne babu.

Kada ku zaci daga nan sai murna. A 1970 hukuma ta sake ba da lasin, a 1971 kotu ta tabbatar da shi, a 1974 kumfani ya fara haƙa. Da waɗansu ne da sun naɗe tabarmarsu. Abin da ya ceci dutsen shi ne kifi. Lissafin da aka dogara da shi ya nuna ƙwai kaɗan ne injuna za su haɗiye, amma masu lissafin sun ɗauka ruwan Hudson gaba kawai yake tafiya. Ba su sa cikar teku da janyewarta a ciki ba, alhali ita ke kai ƙwan gaba ta komo da shi baya, ya yi ta gilmawa ta bakin injin sau da yawa. Abin da kowane masunci ya sani tun yana yaro, shi ne manyan takardu suka tsallake. Kotu ta ce a sake binciken kifi, aiki ya tsaya.

A Disamba 1980 aka yi sulhu. Kumfani ya haƙura da Storm King, ya ba da filin ya zama na jama'a, kumfanonin lantarki kuma suka zuba dala miliyan 12 don binciken kogin. Amma fa ƙungiyoyin ma sun saki wani abu. Sun janye bukatarsu ta a gina hasumiyoyin sanyaya ruwa a waɗansu tashoshin wuta, kifi kuwa ya ci gaba da mutuwa a can, har babbar cikinsu, Indian Point, ba a rufe ta ba sai a 2021. Shekara 17 aka yi ana shari'a kafin a sami wannan rabo, shi ma bai cika mudu ba. Duk da haka dutsen yana nan tsaye, ba a fasa shi ba.

Wani zai ce wannan ai Amurka ce. To, ku ji na gida. A Nijeriya ma kotuna sun daɗe suna korar irin wannan ƙara daga ƙofa. Wata ƙungiya mai suna Centre for Oil Pollution Watch ta kai kumfanin man Gwamnati, NNPC, ƙara a kan man da ya malala cikin rafukan da mutane ke sha a Jihar Abiya. Kotu ta fari da ta biyu duka suka ce ba ta da bakin magana. A 2018 Kotun Ƙoli ta ce tana da shi. Watau ƙofar nan ta buɗe a ƙasarmu ma, saura masu shiga.

Saboda haka ga shawararmu. Mutum ɗaya mai kuka ana kiransa mai fitina, amma ƙungiya mai suna da littafin taro da ma'aji, dole a ba ta kujera. Ku haɗa kai tun kafin a kawo injin haƙa, kada ku jira sai an kafa harsashi. Ku riƙa rubuta abin da kuka gani, da ranar, da wurin, da sunan shaidu, domin alƙali da shaida yake aiki. Ku nemi mai karanta muku doka, gama sau da yawa makamin yana cikin littafinsu. Ku riƙa zuba kuɗin ƙungiya ko kaɗan ne, domin shari'a doguwar tafiya ce, mai kuɗi kuwa gajiyarku yake jira. Kuma kada ku zagi ɗan'uwanku da ya goyi bayan aiki don neman abinci, ku jawo shi a zauna tare a auna riba da hasara.

Mu ba ma ƙin wuta, ba ma ƙin aiki. Abin da muke ƙi shi ne a yanke magana a kan kogin mutane ba a tambaye su ba. Ran da akawu ya sake ce muku wa ya aiko ku, ku ce masa ruwan da kuke sha ne ya aiko ku, da 'ya'yanku da za su sha shi bayanku. Allah ya taimaki mai gaskiya, amin.