Agogon Auna Nisa Da Mai Ɗaukar Jaka A Filin Rayfield

Duk wanda ya tashi daga Daɗin Kowa a birnin Jos ya nufi wajen Rayfield, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai tarar da filin wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. An kafa kulob ɗin nan tun cikin 1913, zamanin da Turawan haƙar kuza ke cin kasuwarsu a kan tsaunin Filato, kuma ana lasafta shi cikin mafi daɗewa a Nijeriya. Tun daga wancan lokaci ɗan wasa ba ya rabuwa da mai ɗaukar masa jakar sanduna, wanda shi ne kan faɗa masa nisan rami da sandar da ta dace. Yanzu kuwa ga agogon hannu ya zo yana neman raba su.

Agogon yana aiki ne da taurarin ɗan Adam na GPS waɗanda sojojin Amurka suka harba, suna kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,000. In ya sami saƙon huɗu daga cikinsu sai ya gane inda mai shi yake tsaye, ya gwada da taswirar filin da aka ɗura masa, sa'an nan ya nuna yawan yadin da ya rage zuwa gaban dandalin rami, da tsakiyarsa, da bayansa. Kafin watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon ga farar hula, sai da ta daina sa'an nan irin wannan awo ya yiwu. Amma fa agogo bai san inda aka kafa tuta a ranar ba, kuma in taswirar ta tsufa, to, ƙarya zai yi ta shararawa ba tare da ya sani ba. Akwai kuma wata na'ura mai kama da madubin hangen nesa wadda ke harba haske zuwa jikin tuta ta auna, sai dai hazo mai kauri kan dame ta.

Hukumomi biyu masu tsara dokokin wasan, watau R&A ta Sukotland da USGA ta Amurka, sun fara sassautawa cikin 2006, inda suka bar wa kowane kulob zaɓi. Daga Janairun 2019 Doka ta 4.3 ta halatta auna nisa, sai fa in masu shirya gasa sun hana. Abin lura a nan shi ne iyakar da aka gindaya. A cikin gasa ba a yarda na'ura ta auna tudu da gangare ba, ko ƙarfin iska, ko ta zaɓa wa mutum sanda. Wanda ya karya ana ƙara masa bugu 2, in ya sake a kore shi. Mai ɗaukar jaka kuwa doka ta yarda ya ba maigidansa shawara kan duk waɗannan.

To, a Jos waɗannan abubuwa da aka hana na'ura su ne ainihin wasan. Birnin yana bisa tudun da ya kai wajen mita 1,200, iskarsa ba ta da nauyi kamar ta Ikko, saboda haka ƙwallo kan zarce da kusan kashi 5 cikin 100. Baƙon da ya zo daga bakin teku, agogo ya ce masa saura yadi 150, ya zaro sandar da ya saba, sai ya ga ƙwallo ta wuce da yadi 6 ko 7. Agogon bai yi kuskure ba. Da rani ƙasa ta yi tauri ƙwallo na gudu kamar an kore ta, cikin ruwan Agusta kuwa inda ta faɗi nan take tsayawa. Ga kuma sanyin safiyar hunturu mai rage mata tafiya. Saurayin da ya shekara biyar yana taka filin nan da jaka a kafaɗa ya san duk wannan, ko da bai taɓa jin sunan tauraron ɗan Adam ba.

Abin tsoron shi ne manya su ɗaura agogo, su sayi keken jan jaka, su ce sun huta da biyan lada. Kuɗin da ake ba waɗannan samari bai taka kara ya karya ba, amma da shi wasu ke biyan kuɗin makaranta. Bugu da ƙari, da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan da ɗaukar jaka suka fara, domin ɗan talaka ba shi da wata ƙofar shiga wasan da sandunansa kaɗai sun fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Ya kamata shugabannin kulob na Rayfield da na Lamingo su wajabta ɗaukar mai jaka a kowace gasa, su kuma sayi 'yan na'urorin auna nisa su damƙa a hannun samarin, a koya musu aiki da su.